Wasiƙu Uku daga Tasawa

A shekarar da Isufu ya shiga ajin ƙarshe na lekkol, wato makarantar boko, a Tamanrasset, shekara biyu bayan Faransawa sun sauka daga mulki, babu wanda ya kai shi ɗaga hanci a layin 'yan Nijar. Shekarunsa sha shida, yana zaune wurin kawunsa Sha'ibu mai kantin atamfa, kuma shi ke karanta wa mutane wasiƙun da ake rubuto musu daga gida da Faransanci. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya baje a kan benci a ƙofar kanti, biro a aljihun gaba yadda kowa zai gani, masu furfura su jeru suna jiran ya ga dama.

Raina su yake yi, ba kaɗan ba. A ganinsa mutumin da bai iya gane sunansa a bayan ambulan ba, da shi da jakin da ya kawo shi kasuwa duk tafiyarsu ɗaya. Amma fuskarsa ba ta taɓa tona shi ba. Mushe, malamin ajinsu, ya koya musu cewa ɗan boko da sakin fuska ake saninsa, kuma mai son aikin buro, wato ofis, sai ya fara gyara sunansa a bakin jama'a. Isufu ya riƙe wannan darasi fiye da lissafi, ya ma ƙara masa gishiri. Tun ranar da ya karanta wa wani tsoho labarin ƙonewar rumbunsa, tsohon ya kira shi mai baƙin baki ya daina amsa gaisuwarsa, sai ya yanke cewa mutanen nan ba gaskiya suke zuwa nema ba, daɗin kunne suke so. Daga nan ya shiga tankaɗe wasiƙa kafin ta fita daga bakinsa. Fari ya koma ƙarancin ruwa, rigima ta koma 'yar magana, ciwo ya koma gajiya. Ai kuwa sai albarka ta yi ta sauka a kansa, ana cewa bakin yaron nan alheri ne, kuma shi wawan ya yarda.

Cikin masu zuwa, babu mai ba shi haushi kamar Baƙo, wani mutumin Tasawa mai aikin ban ruwa a lambunan Abalessa. Kullum bakinsa har kunne, ƙafa duk faso, ko me aka ce masa sai ya ce madalla. Duk wata yakan biyo mota ya zo da dabino a ƙulle cikin tsumma ya ajiye wa Isufu, shi kuma ya karɓa da hannu biyu yana godiya, da an juya baya ya tura wa akuyar maƙwabta.

Wasiƙa uku Illo, wan Baƙo, ya aiko a cikin wata huɗu. Ta farko ta ce innarsu ba ta da lafiya. Ta biyu ta ce ta kwanta, kuma sunan Baƙo take ta kira. Ta uku layi biyu ce: in yana son ya same ta da rai, ya taso yanzu. Isufu ya karanta kowacce a zuci, ya taɓe baki a zuci. Wace tsohuwa ce ba ta ciwo? Mutanen ƙauye dai, in suna son su jawo mutum gida sai su kwantar da kowa. Kuma ko ya je, likita ne shi? Sai ya ɗago da murmushinsa na lekkol ya ce inna tana gaishe shi, gajiyar tsufa ce kawai ke damunta, a dai ci gaba da addu'a. Baƙo ya ce madalla, ya ninke takarda ya sa a aljihu, ya koma bakin rijiyarsa.

Wani direba ɗan Tasawa ne ya tare Baƙo a tsakiyar kasuwa ya yi masa ta'aziyyar inna, yana zaton ya riga ya ji. Kwana ashirin ke nan da aka binne ta.

Da Isufu ya hango Baƙo yana tahowa, fuska babu dariya, sai ya san labari ya iske shi. Juma'a ce, benci cike, kawunsa yana tsaye a bakin kanti. Ya jira a shaƙe shi. Amma Baƙo durƙusawa ya yi a gabansa kamar kullum.

"Ɗana, ɗauko takarda, Illo za ka rubuta ma. Ka ce mishi wasiƙa ukku ya aiko mini, ba wadda ya hwaɗi inna na kwance. Ka ce mishi ya hana ni ganin uwata. Allah ya isa tsakanina da shi, daga yau ba ni da wa."

Isufu ya ce, murya can ƙasa, "Baba, a bari zuciya ta huce tukuna."

"Rubuta. Kai ka karanta mini su da bakinka, kai ne shaidata. Garin ga duka ba wanda na yarda da shi kamarka."

Kalma biyar ta isa ta wanke Illo, kuma Isufu ya san su, suna nan a kan harshensa. Ya dubi dattawan da ke kan benci suna girgiza kai suna tsine wa wan da ba shi da imani. Ya dubi kawunsa. Ya tuna kujerar buro, da yadda ake nuna shi da yatsa a hanya ana cewa ga yaro mai amana. Tsoro ya kama shi, da kunya, amma tsoron ya fi ƙarfi.

Ya zare biro ya rubuta, kalma da kalma, da hannunsa mai kyau. Baƙo ya dangwala yatsa a ƙasan takardar, ya dafa kansa ya sa masa albarka, hawaye na zuba. Isufu ya lasa bakin ambulan ya manne, yana faɗa wa kansa cewa ba komai, in Illo ya amsa, ai ta hannunsa amsar za ta biyo, shi zai karanta ta.