Farcen Gidiyon

Ranar Juma'a da yamma, ana gobe zaɓen 2007, aka tara ma'aikatan wani kamfanin jimar fata da ke Challawa a gindin tankin ruwa. Walid, ɗan mai kamfanin, ya hau kan duro ya yi musu jawabi. Kawunsa ne ke takarar majalisar jiha. Ya ce ba a tilasta wa kowa wanda zai zaɓa ba, amma dai kowa ya san tuwon wa yake ci. Sannan ya kawo maganar da ta tsaya wa mutane a rai: ranar Litinin za a duba hannun kowa a bakin get, wanda babu tawadar zaɓe a farcensa ya juya gida, aikinsa ya ƙare.

Gidiyon yana can baya, ya harɗe hannu a ƙirji. Mutumin Kagoro ne, shekararsa goma sha tara a kan injin aske fata, kuma dattijo ne a cocinsu. Taurin kai kuwa, ba a magana. A zaɓen 1999, da soja za su sauka daga mulki, kayan zuwa coci ya sa ya tsaya a layi tun hantsi har azahar, ya dawo gida yana nuna wa yara yatsansa kamar an ba shi lambar yabo. A 2003 ma ya je, amma yana gunaguni. Daga nan masaƙar da ƙanensa ke aiki a Bompai ta rufe, kamfanin robar da ke Sharada ya bi sahu, wuta ta zama sai an ganta, kwatar ƙofar gidansa a Na'ibawa tana nan yadda take. Sai ya sha alwashin shi da rumfar zaɓe har abada.

Ranar Asabar da safe ya fito da kekensa tsakar gida, ya kifa shi, ya hau gyaran sarƙa. Matarsa Jummai ta tsaya a kansa.

"Baban Dabora, don Allah ka je. Ko ɓata takardar ka yi, ba wanda zai sani. Tawada kawai suke nema."

"Ba zan tsaya a rana in dangwala wa abin da aka riga aka gama rubutawa ba."

"To, in sun kore ka fa?"

"Su kora."

Ita ma fa ba ta je ba, amma ita awara take soyawa a ƙofar gida, ba mai duba hannunta. Unguwar ma kusan duk haka ta wuni. Maza suka baje a gindin mangwaro suna dara, mata suka yi wanki, rumfar zaɓen da ke makarantar firamare kuwa daga ɗan sanda ɗaya sai awaki.

Cika bakin ya kai shi har Lahadi. Amma ranar Litinin da safe, yana tuƙa keke ya wuce kamfani uku a jere, duk an garƙame su da kwaɗo, ciyawa ta bushe a harabarsu, sai ya shiga lissafi. Shekararsa arba'in da bakwai. Wa zai ɗauke shi aiki a garin da ake rufe kamfani duk wata? Ga Dabora tana shirin jarrabawar gama sakandare. Ya dubi farcensa, fes, kamar na ango. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun yana yaro.

Ya tarar da layi ya miƙe har bakin kwalta. Yana jingine keke sai Shu'aibu na sashen rini ya zunguro shi, ya nuna masa wani ɗan gwangwanin madara da ya ɓoye a ƙarƙashin riga.

"Dattijo, tsoma tsinke ka ɗiga a farce. Rinin fatun makon jiya ne, tun ranar Juma'a na ɗebo. Kalarsa ɗaya da tawadar zaɓe."

Gidiyon ya duba gaba, ya duba baya. Ashe gwangwanin ya riga ya zaga layin kaf. Kowa ya sunkuyar da kai yana hura wa yatsansa iska.

"Kai Shu'aibu, duk ɗinku ba wanda ya je?"

"Mu je mu yi me?"

Gidiyon ya girgiza kai. "Ban yi zaɓe ba, ba kuma zan ɗora ƙarya a kai ba."

"To Allah ya ba da sa'a," in ji Shu'aibu, ya miƙa wa na baya. Gwangwanin na barin wurin Gidiyon ya fara da-na-sani, amma girman kai ya hana shi kira.

Da layi ya matsa ya hango wanda aka sa duba hannu, sai tsoro ya sake kama shi, wannan karon har da tausayin sauran. Malam Falalu ne, shugaban sashen rini, mutumin da ya shekara talatin yana haɗa launi. Shi da ke gane rinin da aka ƙara wa ruwa cokali ɗaya, shi za a ruɗa da gwangwanin madara? Walid kuwa yana zaune a kujera kusa da shi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana danna waya yana ɗagowa jefi-jefi.

Malam Falalu yana kama hannun mutum, ya duba, ya ce, "Wuce." Na gaba ma haka. Shu'aibu ma ya wuce yana wani taƙama. Sai ga Gidiyon, ya miƙa hannu.

Tsohon ya dubi farcen, ya ɗago ya dubi fuskarsa. Sai ya haɗa hannu biyu ya riƙe hannun Gidiyon, ya shiga gaisuwa kamar sun shekara ba su haɗu ba.

"Gidiyon, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya Dabora da karatu? Ya zafin nan?"

"Lafiya ƙalau, Malam. Kun tashi lafiya?"

Yana amsawa yana jin wani abu mai laima ana danna masa a kan farce. Da aka saki hannun, sai ga babban yatsansa ya rine. Ashe ɗan ƙullin auduga ne jiƙe da rini a tafin hannun Malam Falalu.

"Ranka ya daɗe, wannan ma ya yi," in ji tsohon. Walid ya gyaɗa kai, ya koma kan wayarsa.

Gidiyon ya shiga. Ya je bayan injinsa ya zauna a ƙasa, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya gode wa Allah. Bai taɓa jin warin jima ya yi masa daɗi ba sai ranar.

Lokacin hutun rana ya sami Malam Falalu yana alwala a bakin famfo. Ya durƙusa zai yi godiya, tsohon ya katse shi.

"Bar shi kawai. Kai ba ka yi ƙarya ba, gaisawa muka yi." Ya nuna masa nasa yatsan. "Wannan ma na ɗakin rini ne. Mutum ɗari da sittin na duba yau, tawadar gaske huɗu na gani."

"To Malam, kawun nasu fa?"

"Ya ci mana, tun jiya aka faɗa. Wai a mazaɓarmu ba wanda bai fito ba."

Suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba, kowa ya koma bakin aikinsa.

Da yamma Jummai tana ƙofar gida, ta kasa ko hura wutar awara. Tun daga nesa Gidiyon ya saki kan keke ya ɗaga mata yatsa, kamar yadda ya yi shekara takwas da suka wuce. Ta dafe ƙirji ta zauna a kan benci, hawaye na zubo mata tana murmushi.

Tawadar 1999 kwana huɗu ta yi ta goge, har ya ji haushi a lokacin. Wannan kuwa rinin fata ne, sabulu da toka duk sun kasa. Sai da farcen ya tsiro ya yanke shi da reza sannan ya rabu da ita.