Danƙon Tanki

Allura ake kiransa a rumfar gyaran jirage, don shi kaɗai ke iya shiga ƙofar tankin mai da ke cikin fiffike. Da sassafe ya kutsa ciki, ya kankare tsohon danƙon da ke yoyo, ya shafa sabo. Ya ɗiga ragowar a kan guntun ƙarfe ya ajiye kusa da fiffiken. Da shi ake gane na ciki: muddin farce na lotsa shi, ba a zuba mai.

Yana wanke hannu surukarsa ta bugo waya.

"Mun taho asibiti. Naƙuda ce."

Haihuwar fari. Ya yi wa matarsa alkawarin tana buɗe ido za ta gan shi. Ga jirgi ana jiransa da yamma, kuma sai Allura ya sake shiga ya duba kafin a rufe tanki.

Ya danna guntun danƙon. Farce ya nutse.

"Oga, a matso da fitilar nan ta ɗumama danƙon," ya ce wa shugaban rumfar.

"Zafi ya yi yawa ya kumbura, mu koma farko? Zauna."

Bai zauna ba. Garin da sanyi, danƙo kuwa ba ya gaggawa a sanyi. Ƙato, mai gyaran taya, ya ja ƙofar rumfa ya rufe, ya yafa wa fiffiken bargon aiki kamar mai zazzaɓi.

"Je ka abinka, ni zan shiga," in ji shi.

"Kai? Sai dai mu yanka fiffiken mu ciro ka," in ji Oga.

Allura ya sake dannawa.

"Ango, ka bar abin nan ya huta mana! Ka mai da shi rariya," in ji Ƙato.

Waya kuma. "Ina kake ne?"

"Mama, bai bushe ba."

"To, nan ma shiru. Duk gidanku ba mai sauri."

Bayan azahar farce ya zame, ko alama babu. Allura ya shige tanki da tocila, ya bi layin danƙon da yatsa har ƙarshe. Ya yi tauri. Yana fitowa ya tarar Ƙato ya riga ya tayar da babur.

A asibiti ya ji kukan tun daga baranda. Matarsa na kwance, ido a rufe. Ya tsaya a kanta da warin mai a jikinsa har ta buɗe.

"Warinka ya riga ka isowa," ta ce, tana murmushi.

Surukarsa ta miƙo masa jaririyar. Ya daɗe yana kallo. Bai ankara ba ya kai babban yatsa ya ɗan danna kumatunta.

Mama ta make masa hannu.

"Kai, makanike! Wannan ba jirgi ba ce."

Matarsa ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki.