Takardar Gonar Koko

Shekara uku Vashti Seepersad tana zarya zuwa babbar kotun San Fernando a kan gonar koko da mahaifinsu ya bari a Tabaquite. Maƙwabcinsu, Mista Cuthbert Lashley, ya kewaye gonar da waya, ya ce saye ya yi daga hannun yayanta Deonarine, mai riƙe da gadon.

Deonarine ya rantse mata bai sayar ba. Har ya kawo mata takarda mai sa hannun Baba, wadda ta nuna tun yana raye ya ba ta gonar kyauta. Da ita ta shigar da ƙara.

Sau biyu Lashley ya aiko a yi sulhu, zai yanka mata kashi ɗaya cikin uku. Sau biyu Deonarine ya ce, "Ke dai kin cika tsoro. Ɓarawo ne zai ba ki sadaka daga kayanki?" Ta ƙi sulhun.

Ranar hukunci, alƙaliya ta karanta rahoton masanin rubutu. Hannu ɗaya ne ya sa hannu a takardar cinikin Lashley, ya kuma kwaikwayi sa hannun Baba a takardar kyautar. Hannun Deonarine.

Alƙaliya ta kori ƙarar. Ta ce tunda da takardar jabu aka gina ta, aka kuma yi watsi da sulhu har sau biyu, mai ƙara za ta ɗauki kuɗin shari'ar Lashley ɗungurungum.

A baranda lauyarta ta yi mata bayani a hankali. "A bisa al'ada, wanda ya faɗi a shari'a, wani kaso yake biya. Wannan kuwa horo ne. Kusan duk abin da Lashley ya kashe wa lauyoyinsa, ke za ki mayar. Zai haura dala dubu ɗari uku."

"Amma ai ban sani ba."

"Na yarda. Sai dai sunanki ne a kan ƙarar."

Ta tarar da Deonarine a bakin titi, yana tsaye wajen mai ruwan kwakwa.

"Yaya, kai ka rubuta?"

Bai ɗago ba. "Na zaci Lashley zai tsorata ya janye. Da mun samu gonar, ai taki ce."

"Kuɗin cinikin fa?"

"Sun tafi tuni, Vashti."

"Duk zaman kotu ni ke biya maka mota. Kana gefena ina rantsuwa da takardar nan."

Ya miƙo mata kwakwar da ke hannunsa. Ta bi ta gefensa ta wuce.

Cikin wata huɗu ta sayar da shagonta na gurasar roti a Princes Town, ta koma murza ƙullu a shagon wata. Da bikin Diwali matar Deonarine ta kawo kwanon alewa. Vashti ta karɓa, ta tambayi lafiyar yara, ta juye, ta wanke kwanon ta mayar. Ba ta tambayi mijin ba.