Filin Suruki

Zayyanu, mai sayar da takin zamani a kasuwar Isa, mutum ne mai ido. Buhu ko ɗinkinsa aka taɓa sai ya gane. Amma ka ajiye shi gaban surukinsa Malam Usmanu, sai ka rantse an zare masa laka, kai a ƙasa, murya kamar ta mai zazzaɓi.

Damuwarsa ɗaya ce. Shi da matarsa Hadiyya da 'ya'yansu suna cushe a ɗaki guda cikin gidan wansa, kuma ya yi mata alkawarin kafin ta sauke cikin da ke jikinta za ta shiga gidan kanta. Filayen Isa sun fi ƙarfinsa. Sai ya ji a kasuwa wai surukin nasa na da fili a bayan ƙauyensu, can wajen Tsamaye, ba a noma shi, ba a gina shi ba. Bai tambayi dalili ba. Hadiyyar ma bai gaya mata ba, wai sai ya gama ya ba ta mamaki. Ka ji wauta. Ya aika aka nema masa, tsoho ya yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe ya ce ya zo ya gani.

Ranar dubawa tun daga zaure Zayyanu ya tuɓe takalmi. Malam Usmanu na gaba, shi yana baya, idonsa a kan diddigen tsoho. Ya ga jar ƙasa, ya ga kashin awaki, ya ga wata tsaga da hannu zai shige. Ya so ya tambaya, to amma wa zai buɗe baki ya tuhumi ƙasar uban matarsa? Da ya ɗaga kai sau ɗaya, da ya hango kwazazzabon da ke cin gonakin garin duk damina, yana can gefe baki buɗe.

Tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "Zayyanu, ka dai duba hilin ga da kyau."

"Na duba, Baba. Na karɓa."

A gaban shaidu ya faɗa. Sai ranar da ya kawo magini ya ga ramin da idonsa, zurfinsa ya shanye giginya. Magini ya ce shi dai a biya shi kullum kafin rana ta faɗi. Zayyanu ya so ya fasa, amma mayar wa suruki fili daidai yake da ce masa macuci. Sai ya lallashi kansa, ai da sauran tazara. Aka ɗora bulo, aka buga kwano, aka kafa ƙofar ƙarfe shuɗiya.

Ruwan Agusta bai san suruki ba. Wata la'asar aka kece da ruwa, gaɓar ramin ta karye, washegari aka yi masa waya. Ya iske ɗakin duka a ƙasan rami, kwano a murɗe. Bangon gaba kaɗai ya tsaya a bakin gaɓa, ƙofa a kulle da kwaɗo, makulli na aljihunsa.

Labari ya kai wa Hadiyya kafin ya shirya abin da zai ce. Ta hau mashin ɗin haya da tsohon cikinta ta zo. Ta tarar da mijinta a tsugune nan, mahaifinta a tsugune can, kowa na kallon ƙasa yana neman gafarar ɗan'uwansa. Malam Usmanu ya ce shi fa bai so sayarwa ba, amma suruki ya roƙa, ina zai sa fuskarsa ya hana? Ya zaci yashi za a riƙa ɗiba. Da ya ga ana sauke bulo ya yini bai ci abinci ba, kuma kunya ta hana shi magana. Zayyanu ya ce a'a, laifinsa ne. Tsoho ya ce a'a, nasa ne. Suka kusa yin faɗa a kan haka, cikin ladabi.

Hadiyya ta leƙa ramin. A wurin ta girma, tana ƙarama aka hana su wasa a nan. Takaici ya cika ta, har hawaye suka zubo. Ta jira mahaifinta ya matsa, sannan ta juya wajen mijinta ta yi ƙasa da murya.

"Baban Sadiya, Baba kake jin kunya. Ni hwa? Kullum tare muke kwana, mi ya hana ka tambaye ni?"

Zayyanu ya ce zai gyara, ta ce ba abin gyarawa, ya dai nemi wanda zai ɓalle ƙofar nan.

"Ɗakinmu na can labule ne kawai," in ji ta. "In za ni haihu a ciki, ko ba komai in samu abin ruhewa."

Haka suka koma Isa, tana kan mashin ɗin gaba, shi yana na baya rungume da ƙofa, ana ta tambayarsa a hanya ko gida ya kammala.