Ringit Ko Dala

Alhaji Alkasim ya sake danna kalkuleta, ta sake ba shi amsar da ba ya so. Shayin da aka kawo masa a mamak, shagon shayin unguwar Chow Kit, ya huce har ya yi fata a sama. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya duba saƙon da banki ya turo masa da safen nan. Kuɗin dai suna nan yadda suke.

Ya san abin da suka ci a jirgin ruwan nan. Ya san hotunan da matarsa Turai ta sa aka ɗauke su, da turaren da ya saya mata ba tare da ta roƙa ba. Komai a jirgin da dala ake rubuta shi, kuma jimillar tana kansa. Amma da ya buga ta da farashin ranar, sai ya ga an cire masa rarar ringit ɗari biyu da 'yan kai. Wani ya yi masa canji, kuma mugun canji.

Shi kuwa a Wapa ya tashi, kasuwar 'yan canji ta Kano. Bai yi nisa a boko ba ya kama riƙe wa ubangidansa jaka a Fagge, har ya zama mai jakar kansa. Sayen yadi da takalma ne ya kawo shi Kuala Lumpur, sana'ar canji ta zaunar da shi. Iyayen ɗalibai su zuba naira a Kano, shi ya ba 'ya'yansu ringit a nan. Mutum irin wannan a ce an yi masa ƙwange a canji, ai kamar a ce an sayar wa mahauci mushe ne.

Tafiyar kuwa ta yi daɗi, wannan ko shi ba zai musa ba. Shekara biyu korona ta kulle su a ɗakunan Sentul, har Turai ta san adadin tsagar da ke silin. Da aka buɗe jiragen yawon shaƙatawa, tikiti ya faɗi warwas, sai ya ce a tafi. Aka zungure musu hanci, aka ce lafiya lau, suka hau tare da Dakta Hambali, malamin jami'a maƙwabcinsu, da matarsa Hajjo da yara. Turai da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Tiga ba, ta tsaya a bakin ƙarfe iska na kaɗa hijabinta tana dariya kamar amarya. Shi kansa Alhaji ya ci har sai da ya sassauta mazagi. Sallah ma abin dariya ta zama, ka tayar kana kallon alƙibla, kafin ka sallame jirgi ya juya da kai wajen Indonesiya.

Ya biya kuɗin shayin da bai sha ba, ya gyara takunkumi, ya taka zuwa Jalan Tuanku Abdul Rahman. Ofishin da ya sayi tikitin yana saman wani shagon mayafai. Yarinyar da ke kan tebur Bamalayiya ce mai fara'a, ana ganin murmushinta a ido ko da takunkumi.

"Tuan Haji! Yaya teku?"

"Teku lafiya. Masu tekun ne ɓarayi."

Ya ajiye mata wayar da kalkuletar gefe da gefe. Da Turancinsa na kasuwa da 'yar Malay ɗin da ya tsinta ya yi mata bayani. Ta duba kwamfuta, ta gyaɗa kai.

"Ba kuskure ba ne, Tuan Haji. Ranar shiga, da kuka ba da kati, ai an tambaye ku ringit ko dala."

"An tambaya. Na ce ringit."

"To, shi ke nan lah."

"Shi ke nan me?"

"Katinka na ringit ne. Ko me ka ce, ringit za a cira. Tambayar ita ce wa zai yi canjin. In ka ce dala, bankinka ne zai canza da farashinsa. In ka ce ringit, jirgi ne zai canza da nasa, ya ɗora kashi uku cikin ɗari a kai."

Sai Alhaji ya tuna. Ranar ta dawo masa tar. Suna kan layi, yarinyar jirgin ta yi tambayar, shi kuma ya ji kalmar dala sai hannunsa ya kai kan ɗamarar da yake ɓoye 'yan dalolinsa. Ɗan Wapa ba ya sakin dala matuƙar akwai wani kuɗi a duniya. Ya ce ringit da ƙarfi, kamar mai yanka ciniki.

Ya ja kujera ya zauna sosai.

"To, 'yata, yanzu a nawa za ku bar min?"

"A bar maka me?"

"Farashin. Kun faɗi naku, ban taya ba. Ciniki bai faɗa ba ke nan."

Ta kwashe da dariya har ta dafe tebur. "Tak boleh lah, ba zai yiwu ba, Tuan Haji. Ba kasuwa ba ce."

"Duk inda kuɗi ya canza hannu kasuwa ce. Mu raba biyu. Ɗari naku, ɗari nawa, 'yan kan na bar miki ki sha shayi."

"Kwamfuta ce ta yanka farashin."

"Kwamfutar ba ta da ubangida? Kira min shi."

Ta kira wata lamba don ta faranta masa. Aka sa musu kiɗa, aka yi ta kiɗa, daga ƙarshe wata murya ta ce fasinja ne ya zaɓa da bakinsa, ba a mayarwa. Yarinyar ta tura masa kwanon alewa. Ya ɗauki uku.

A matakala ya tsaya yana girgiza kai. Haushi yana nan, amma akwai wani abu kamar sha'awa a ciki. Ba su tare ka a titi ba, ba su bi ka da "Alhaji, dala ko fam?" ba. Tambaya ɗaya, da murmushi, sai ka ci ka ƙoshi ka dawo gida sannan ka ji. Ya tuna yawan mutanen da ke jirgin, ya fara bugawa a ka, ya bari don kada hassada ta kama shi.

Yana isa ƙasa sai ya tuna da Dakta. Ranar nan ba kansa kaɗai ya yanka wa ba. A kan layin ya juya ya ce wa wanda ke bayansa, kowa na ji, "Dakta, ka ce ringit. Wannan fannina ne." Dakta ya ce, "To, Alhaji."

A Wapa doka ce ba rubutacciya ba: in ka yanka wa mutum farashi da bakinka ya faɗi, kai za ka cika. Kuma Dakta Hambali ba kowa ba ne. Duk ɗalibin da gwamnati ta turo, da duk uban da ke neman amintaccen hannu, Dakta ne yake cewa a je wurin Alhaji Alkasim. Ga yaran zamani masu canji ta waya sun cika gari, jira kawai suke. In Dakta ya duba asusunsa ya ga shawarar ɗan canji ce ta jefa shi rami, da wane baki zai sake turo mutum? Dole ya riga bankin isa.

Ya ƙiyasta. Dakta da yara huɗu, ga askirim, ga wasanni, ga Hajjo da shagon jaka. Ya sayi ambulan, ya zuba ɗari uku, ya tsaya, ya ƙara hamsin saboda kunya. Ya sa aka ƙunsa masa soyayyar ayaba a leda ya hau bas ɗin Sentul.

Bayan la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofar Dakta. Tun daga waje yake jin shewa. Turai tana ciki, ita da Hajjo sun haɗa waya da talabijin suna kallon hotunan tafiya. A daidai lokacin hotonsa ne a kai, ya rungume faranti biyu, hula ta karkace.

"Ga angon teku nan!" in ji Hajjo. "Sannu da zuwa, Alhaji. Yanzu Yaya Turai ke cewa da an bar ka da sai ka cinye jirgin."

"Kuɗina na ci," ya ce. Ya miƙa wa yara ledar, suka yi godiya da Turanci suka watse. "Dakta, zo mu ga juna."

Suka fita baranda, inda ake shanya. Alhaji ya jawo ƙofa, ya fito da ambulan.

"Riƙe wannan. Kada ka yi min musu."

"Na mene ne, Alhaji?"

"Na ringit ɗin da na sa ka faɗa. Shawarar banza na ba ka. Jirgin ne ya yi canjin, ya yanke mu. Ni na yanka maka, ni zan cika. In bai kai ba ka faɗa min."

Dakta ya dubi ambulan, ya dubi titin jirgin ƙasa da ke can ƙasa, ya sosa ƙeya.

"Alhaji, ni fa dala na ce."

"Ka ce me?"

"Dala. Da ka wuce gaba da jakunkuna."

"Amma ka ce min 'To, Alhaji.' Da kunnena na ji."

"Gaba kake da ni. A gaban jama'a zan musa maka, a kan canji kuma? Wallahi ni ma ban san komai a kai ba. Hajjo ce ta ja min kunne tun a gida. Wai a gurup ɗinsu na mata wata da ta riga mu tafiya ta yi gargaɗi."

"Wato duk layin nan ni kaɗai ne na ce ringit."

"Akwai wani tsoho Bature ma, ina jin."

Dakta ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙwace. Ya mayar masa da ambulan cikin aljihu da hannunsa, ya dafa kafaɗarsa.

"Af, kafin in manta. Yara biyu za su iso daga Zariya mako mai zuwa. Na ba iyayensu lambarka jiya, yau kuma zan ƙara kiransu."

Alhaji ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa. Amma wani ƙarami ya maye gurbinsa. Ya buɗe ƙofa ya leƙa falo.

"Turai. Gurup ɗin matan nan, kina ciki?"

"Ni ce ma mai saka mutane," ta ce, idonta na kan talabijin.

"Kin ga gargaɗin ke nan."

"Na gani."

"Kina tsaye a gefena na ce ringit, ba ki ce uffan ba."

Sai a lokacin ta juyo. Hajjo ta toshe baki da gefen mayafi.

"Alhaji, da na ce maka dala, me za ka ce?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Za ka ce yaushe na fara canji. In ce a waya na gani. Ka ce waya ta san Wapa? Daga nan sai ka kumbura, mu shiga jirgi ba ka yi min magana, mu fito ba ka yi min magana. Shekara biyu ina jiran in fita daga ɗakin nan. Na auna abin da za su cira, na auna fushinka na kwana uku a tsakiyar teku, na ga nasu ya fi arha. Sai na saya."

Daga ɗaki ana jin ƙarar yara suna rigima a kan ayaba. Alhaji ya tsaya yana dubanta. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariyar ta taso tun daga ciki har sai da ya zauna a hannun kujera yana share ido da hula.

Ya zaro ambulan ya miƙa mata.

"Na me?"

"La'adarki. Wanda ya yi ciniki mai kyau ba a hana shi."

Turai ta karɓa, ba ta buɗe ba, ta jefa a jaka ta ja zif.

"Hajjo, gobe da safe ki shirya, akwai wani leshi da na gani. Wuce hoton nan, mu ga na gaba."