Fasassun Tukwanen Inna Hasiya

"Ba nan ba, Safiyatu," in ji Inna Hasiya, ta ture kwanon da na ajiye mata a bakin gado. "Kama ni mu hita. Ruwan alwalata na da mai shi."

"Inna, ko zama ba ki iyawa. Ki yi cikin kwano, ni in kai mishi."

"Ke? Rabi kika kai mishi, rabi ki ba hanya. Na san hannunki."

Haka na tallabo ta, ba ta fi nauyin damin kara ba, muka fito ƙofar gida taki-taki. Na zaunar da ita a kan turmin da ya kife shekara da shekaru a gindin bishiyarta ta dogon yaro. Ta yi alwalarta a hankali, ruwan yana sauka daidai cikin ɗan gurbin da ta yi wa bishiyar. Da ta gama ta girgiza butar, ɗigon ƙarshe ma sai da ta ba shi.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata, a bayan babbar kasuwar Malanbil. Tun da aka kawo ni gidan Mamudu na same ta a nan, mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya tilo Kadiri yana tuƙa babbar mota tsakanin Paraku da Gaya. A unguwa ba mai kiran ta Hasiya sai a gabanta. Da ta ba da baya, Ba-a-Zubarwa muke ce mata, kuma ta san da sunan.

Ba mu yi mata ƙarya ba. Ruwa ɗaya sai ya yi aiki uku a hannunta: ta wanke gero ta ba awaki tsarin, wanda ta ɗauraye kwanuka da shi ta jiƙa toka, na wanki da na alwala kuwa na bishiya ne. Gwangwanin tumatir ya zama fitila, tsohon zane ya zama gammo, gammo in ya mutu ya zama abin toshe bakin tulu. Murhunta ta kewaye shi da laka ta bar ƙofa ɗaya, ƙirare kaɗan sai ka ga tukunya na tafasa, mu kuwa da duwatsu uku muna ciyar da iska itace. Da leda ta fara shigowa kasuwa daga Najeriya, mu har yanga muke da ita. Ita da ƙwaryarta da faifai take zuwa cefane. Ta ce abin da akuya ta ci ta mutu, ƙasa ta ci ta kasa haɗiyewa, ba zai shiga gidanta ba.

Mukan yi mata dariya, ba ta fushi. Sai ta ce, "Ku yi ta yi. Ni na ga yunwar da ta kashe shanun Madekali, ku kuna goye."

Bayan waccan yunwar ne ta karɓo dogon yaron wurin 'yan gandun daji, ɗan tsiro cikin gwangwani. Wurinmu ƙasa ce mai tauri, ga awakin kasuwa, duk wanda ya dasa nasa bai kai damina ba. Nata kaɗai ya rayu, shi ma da jan ciki, don bai taɓa shan ruwan da ba a yi wani aiki da shi ba. Bai yi girman a zo a gani ba, manyan rassa biyu ne da shi. Amma a layinmu kaf shi ne inuwa. Nan muke tsinke zogale, nan ake kitso, nan masu turo amalanke daga tasha suke tsayawa su sha iska. Mu da muka yi dariyar mu muka fi kowa zama.

Shekarar da nake ba ku labari ruwa ya sake ƙin zuwa. Kogin Kwara ya janye har yashi ya fito a tsakiyarsa, mutanen Nijar suna ta tsallako gada da 'yan ƙullin kayansu. Itace ya yi wuya, sai masu jakuna sun je can bayan Gene kafin su samo, su ma suna wasan ɓuya da 'yan gandun daji. A cikin wannan hali ciwon ƙirji ya kwantar da Inna.

Ranar da muka fito alwalar nan, da muka juya za mu koma sai ta ja hannuna.

"Mu bi ta bayan ɗaki, in gwada miki wani abu."

Wata tsohuwar tabarma ce shimfiɗe a jikin bango. Ta ce in ɗaga. A ƙarƙashinta fasassun randuna ne da tuluna, manyan ɓangarori, an wanke su tas an jera su bisa yashi, babba na bin babba. Na san wasu daga ciki. Akwai tuluna da na jefar a juji bara.

"Inna, har tsingaro? Wanga kuma mi za shi yi miki?"

"Ruhin kabarina na." Ta tsaya ta yi tari. "In na tahi, maza za su biɗi iccen ruhe kabari, ba su samu. Sai su ɗaga kai su ga wanga na ƙohwa. Na san maza. Ki ce musu Hasiya ta aje abin ruhinta. Na auna da tsawona, ya isa har da saura."

"Haba Inna, bari wagga magana."

"Ban bari ba. Ga wagga," ta nuna rabin wata randa mai zanen tsani a wuya, "Kadiri yah hwasa ta shina yaro, garin bin kaza. Shina ta kuka, nac ce mai shi yi shiru, komi na da ranatai. Ita za a sa wajen kaina. Kin ji ko?"

Na ce na ji. Na mai da tabarmar, na mai da ita gado, ina cewa a raina tsufa ne.

Ba ta ƙara mako ba. Da hantsi ta cika, ina riƙe da kofin kunun da ta ƙi sha. Mun riga mun aika wa Kadiri ta bakin direbobi, amma motarsa ta lalace a hanya. Ya iso ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Na ji saukarsa daga ciki. Namiji ne ƙato mai murya, amma kukan da ya yi a zaure na yaro ne, duk wanda ya ji sai da ya share ido.

Da ya natsu aka shiga shiri. An tura samari haƙa, an tura wani kasuwa neman itace, ya dawo da 'yan ƙiraren da ko tukunya ba za su riƙe ba. Rana tana ta hawa, zafin bazara ba ya jiran kowa. Ina tsakar gida ina haɗa ruwan wankan gawa na ji wani a waje ya ce, "To ga dogon yaro nan, ko gara ba ta cin shi."

Na yar da moɗa, na ja mayafi na tsaya a bakin zaure.

"Kadiri, zo. Inna ta bar wasiyya."

Ya matso, idanunsa jajur. "Mi tac ce, Yaya Safiyatu?"

"Tac ce kar a taɓa iccen ga. Ta aje tukwane bayan ɗaki, da su taka so a ruhe ta."

"Tukwane?"

"Hwasassun randuna. Ta wanke su, ta jera. Zo ka gani da idonka."

Bai zo ba. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni Kadiri, ina raye, motata na tsaye tasha, a ruhe uwata da kayan juji? Kamar wadda ba ta haihu ba? Tana da rai kun ce mata Ba-a-Zubarwa, kuna tsammani ban sani ba? Yanzu kuma a tahi da ita cikin tsingaro, garin ga shi samu abin dariya har abada?"

"Ba dariya ba ta, Kadiri. Ita tas so."

"Ta sha wahala ta isa. Ban yi mata komi ba tana da rai. Wanga ɗai yar rage mani."

Ya juya wurin liman, Malam Na-Allah, wanda yake zaune da carbinsa yana jin mu. Malam ya yi gyaran murya.

"Ga addini dut ɗaya na, icce ko tukunya, ƙasa ɗai aka tare ma mamaci. Wasiyya kau an so a cika ta." Ya dubi Kadiri. "Amma kai ad da gawa, ɗana."

Shi ke nan maganar mace ta ƙare a bakin zaure. Zeinabu, wadda za mu yi wankan tare, ta leƙo ta ce ruwa na hucewa. Na shiga.

Mun fara da dama, Zeinabu tana zuba ina cuɗawa, sai na ji saran farko. Na san mai saran. Mamudu mijina ne, shi ne yake yin wani ɗan nishi duk lokacin da gatari ya sauka. Daga baya ya ce mini mai makoki ne ya miƙa masa gatarin a gaban jama'a, ta ina zai ƙi. Na daɗe ban ba shi ruwa da hannuna ba.

Ba a barin gawa rabi a wanke a fita rigima. Na ci gaba, hawaye na zuba a kan hannuna. Fuskar Inna lumshe, kamar mai sauraro. Zeinabu ta kamfato ruwa ta sheƙa, na ji bakina ya ce, "Sannu-sannu, kar ki ɓarnatar." Muka dubi juna, ita ma ta fashe da kuka. Can muka ji ƙarar reshen farko ya faɗi, kaji suka watse, wani haske ya shigo ta tagar da ba ta taɓa ganin rana ba.

Kabari yana cin itace. Rassan biyu ba su isa ba, sai da aka shiga gangar jikin. Da maza suka ɗauki makara suka tafi, na fito da sauran ruwa mai tsabta a ƙwarya, ƙafata ta kai ni inda ta saba. Kututture na tarar, bai kai gwiwata ba, fari fat, yana ɗigar da ruwa. Ganye ya rufe turmin Inna. Awakin kasuwa har sun iso.

An zauna makoki a ƙofar gidan cikin rana tsaka. Masu gaisuwa suna zuwa daga Gaya, daga Madekali, wasu su yi da Hausa, wasu da Dendi, kowa ya yi addu'a a tsaitsaye ya nemi hanya, don tabarma ba ta zaunuwa. Tsofaffin da suka san gidan sai su ɗaga kai sama, su sauke. A rana ta biyu Kadiri ya sa aka kwanto tantin rufe kayan motarsa aka ɗaure da igiya. Ƙarƙashinsa warin man mota da zafi kamar gidan burodi. Nan ya zauna yana karɓar gaisuwa, gumi na bin wuyansa, bai ko shafe ba.

Ranar sadakar bakwai mata suka rasa inda za su kafa tukwanen tuyar masa, aka ce a gyara bayan ɗaki. Kadiri da kansa ya je ya janye tabarmar. Ina tsaye da tsintsiya. Ya daɗe yana kallon jerin, daga wannan kai zuwa wancan, daidai tsawon mace ƙarama. Sai ya durƙusa ya ɗauko rabin randar nan mai zanen tsani, ya juya ta, ya bi zanen da yatsa.

"Wagga tana nan?"

"Tac ce ita za a sa wajen kanta."

"Ba ki hwaɗa mani ba."

"Nac ce ka zo ka gani, Kadiri."

Ya gyaɗa kai. Bai yi kuka irin na zaure ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na so in ce masa don ƙauna ya yi, Allah ya ga zuciyarsa, amma sai na sunkuya na kama shara. Ni ma abin yana ci na, har yau yana ci na. Mace ta yi shekaru tana tara abu ɗaya da ta roƙa, ta wanke shi da hannunta, muka kai ta ba da shi ba. Da na sani ƙeya ce, kuma a layinmu ba wanda bai taɓa tasa ƙeyar ba a kwanakin nan.

Washegari aka kwance tantin, zai koma Paraku. Da aka kira azahar bai yi alwala a masallacin tasha ba kamar yadda ya saba. Ina daka na hango shi ta kan katanga, ya fito da butar Inna a hannu ɗaya, rabin randar a ɗaya. Ya zauna a kan turmin, rana na dukan tsakar kansa. Ya yi alwalarsa a hankali, yana karkata hannu don ruwan ya sauka cikin gurbin. Ƙasar ta shanye nan da nan. Ya girgiza butar har ɗigon ƙarshe, sannan ya kifa rabin randar a kan danshin, ya danna gefenta da ƙasa don kada rana ta kai gare shi. Kajin Inna suka zo suna zagaya randar, suna neman inda za su raɓa.