Haulatu ta Yumɓu

A shekarun da aka fara aiki da shari'a a jihar Katsina, akwai wata mai ɗinki a Daura, sunanta Haulatu. Shagonta a zauren gidan mijinta yake, can bayan rijiyar Kusugu. Kowa ya shaida hannunta a ɗinki. Abin da ya hana ta sakewa jikinta ne. Allah ya yi ta doguwa, kakkaura, mai faɗin ƙugu, tun tana budurwa 'yan unguwa suka laƙaba mata Randa. Ko a cikin shagonta ba ta rabuwa da ƙaton mayafi, zafi ko sanyi.

Wata rana ƙaninta mai fatauci a Mai'adua ya kawo mata tsaraba: 'yar tsana ta roba mai tsayin mutum, irin wadda ake sa wa kaya don talla, siririya kamar karan dawa. Haulatu ta sa mata riga da siket na leshi, ta tsayar da ita a bakin ƙofa. Mata suka yi ta shigowa suna cewa irin wannan suke so. In an ɗinka sun sa, sai su dubi madubi, su dubi 'yar robar, ransu ya ɓaci. Wata ta ce an cinye mata yadi. Wata kuwa ta zauna ta yi kuka, ta ce ashe haka haihuwa ta mayar da ita.

Ana cikin haka Malam Harisu, limamin unguwa, ya yi sallama daga waje. Ya ce masu zuwa masallaci sun kawo ƙara, wai wata aba tana zuba musu ido.

“Allah gafarta malam, roba ce fa,” in ji Haulatu daga bayan labule.

“Na sani. A cire mata kai, shi ke nan, ba mai sake magana.”

Aka sa zarto aka cire kan. Masu zuwa masallaci suka huta, amma kukan mata bai ragu ba.

Iya Lami, tsohuwar da ke gina tukwane a bayan gari, ta kawo zane a dashe mata baki. Ta zagaya 'yar robar, ta taɓa ƙugunta da yatsa.

“'Yar nan, wannan ai ba ta taɓa cin tuwo ba. Bari in gina miki wadda ta ci ta ƙoshi. Sai dai ina son wadda zan kwaikwaya.”

“Wa zan samo miki, Iya?”

“Wa kuwa? Ga ki zaune.”

Haulatu ta ce sam. Iya Lami ta yi ta zarya har ta yarda, bisa sharaɗin ba mai jin labari. Tsohuwar ba ta san zancen tef ɗin awo ba. Rungumar Haulatu ta yi ta gaba da ta baya, ta auna da kamu da taƙi, tana cewa, “Tubarkalla! Wannan aiki sai na gayyato mutane.”

Ta kuwa gayyato. Matan da take gina tukwane da su suka taru, wasu na kwaɓa yumɓu, wasu na ɗora shi, kowacce da shawararta. Wannan ta ce a ƙara a baya, waccan ta ce dantsen ya yi kaɗan, mace mai daka ba ta da irin wannan hannu. Suka gina mutum-mutumin gida biyu, sama da ƙasa, ba kai, suka gasa tare da tukwane. Ranar da aka ɗauko shi a amalanke lulluɓe da farin zane, wasu dattawa a bakin hanya suka miƙe suna salati, har ɗaya ya tambaya a ina za a yi sallar.

Haulatu ta sa masa atamfa shuɗiya, ɗinkin riga da zane. Ta ja da baya ta duba. Kayan sun zauna ɗas, ta rasa inda za ta kushe.

Da magariba mijinta, Badaru, ya dawo daga cin kasuwa a Baure. Bai san komai ba. Ya kashe babur, ya hango ƙugun da ya sani a tsaye a bakin titi.

“Haulatu! Me kike yi a waje ba mayafi?”

Shiru. Ya matso a fusace, ya ɗaga ido, ya ga ba kai. Ya saki buhun geron da ke hannunsa, ya kurma “Innalillahi!” da ƙarfin da ya fito da maƙwabta. Haulatu ta fito da gudu, ta tarar da shi zaune a ƙasa yana duban ta, yana duban ta yumɓun.

Da suka shiga ciki, ta tambaye shi a hankali, “Malam, yanzu kowa zai gane ni ce?”

“Wa zai gane in ba ni ba?” Ya kurɓi ruwa. “Kuma ba ta kama ƙafarki ba. Amma gobe a yafa mata mayafi, ba na son 'yan acaɓa suna rage gudu a ƙofar gidana.”

Aka yafa mayafin. Aiki ya yi wa Haulatu yawa, don yanzu abin da mace ta gani a ƙofa shi take gani a madubi. Sai kuma gari ya ɗauki tambaya: jikin wace ce?

Wata safiya Hajiya Amatullah, mai sayar da turaren wuta, ta shigo karɓar ɗinki, ta tarar da Larai mai ƙosai. Hajiya ta rage murya ta ce ai ita ce, Iya Lami ta daɗe tana satar kallonta. Larai ta yi tsaki, ta ce duk unguwar an san mai wannan ƙirar, ta juya baya don a gani. Musu ya yi zafi, har wasu mata suka leƙo, aka rabu gida biyu.

Haulatu tana kan keke tana ji. Da farko dariya take dannewa. Can sai ta ji ranta yana ɓaci: ita aka runguma, ita aka auna da taƙi, ga wasu suna rabon kayanta a gabanta. Ta dakatar da keken. Ta sa aka jawo mutum-mutumin cikin zaure, ta cire mayafinta ta ajiye, ta tsaya a gefensa ta kama ƙugu.

“To, ku duba da kyau.”

Larai ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta tafa hannu ta rangaɗa guɗa. Hajiya Amatullah ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, “Ƙugun naki ne, ban musa ba. Amma kafaɗar tawa ce.”

Kafin sati ya zagayo, mata sun yi layi a gidan Iya Lami, kowacce tana son nata, wasu ma ba shago gare su ba. Har Badaru ya je a ɓoye, wai wani abokinsa tela yana neman na maza, ko za ta kwaikwaye shi. Iya Lami ta zagaya shi, ta tsaya a gaban tumbinsa ta daɗe tana nazari.

“Ɗan nan, ka dawo bayan damina,” in ji ta. “Sai na faɗaɗa ramin gasa tukwanen.”